Wa Zai Zauna da Lalle

Fagam, damina uku bayan ruwan da ya yanke hanya

Zuwa ga Juwairiyya, jikar yayana marigayi Buba, a Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Ikrima da marasa lafiyarku na asibiti. Ni dai alhamdu lillahi, gwiwa ce kawai, ita kuwa mun saba da juna.

Malam Badamasi ne ke rubuta mini kamar kullum. Ya so ya sa kwanan wata a sama irin na 'yan boko, na hana. Wa ke tuna lamba? Amma ki tambayi kowa a ƙasar Gwaram daminar da ruwa ya yanke hanya, aka kwana tara mota ba ta shigo ba, zai gaya miki har inda yake tsaye a ranar. Da kakar waccan shekarar ce ɓarin jikin matata A'i ya shanye, kika zo mata da akwatin gilashi da jajayen kifaye biyu, kika ce ta riƙa kallo tunda fita ta gagara. Ita ta raɗa musu suna, Lalle da Ɗorawa.

To, amaryata, Ɗorawa ta mutu ranar Talata. Na dawo daga masallaci na tarar da ita a saman ruwa, ta kwanta gefe guda. Ban canza komai ba. Ruwan randa nake zuba musu, jarka ɗaya duk Juma'a, abinci abin da yatsa biyu suka ɗauka, injin kumfa kuma yana aiki da solar da kika kafa. Na binne ta a gindin lemun tsami. Badamasi ya tambaye ni ko za a yi sadakar uku. Taubashina ne, babu yadda zan yi da shi.

Saura Lalle. Kin san da A'i ta ga lokaci ya matso, ba ta yi mini zancen gona ko awaki ba. Cewa ta yi, “Malam, kada ka bar su.” Awakin an sayar, kyanwarta ta koma maƙwabta. A gidan nan babu sauran mai numfashi da ya ci suna daga bakinta sai kifin nan.

Tun ranar Talata Lalle ke zuwa kusurwar da Ɗorawa ke kwana, ta tsaya cik. Na haƙa rijiya arba'in da ɗaya tsakanin Sara da Fagam, na san yadda zaman mutum ɗaya yake a ƙasan rami. Ki nemo mata abokin zama. Sharaɗina ɗaya, kada ki kawo ja irinta. In aka kawo ja bakina zai kira ta Ɗorawa, kuma ƙarya ce, mai raɗa sabon suna kuwa ta tafi.

Kada ki wahalar da kanki da waya. Tun da rijiyar Sara ta rufto mini, abin da kunnena ke ji a cikinta kukan sauro ne. Ki ba Ɗanladi direba amsa ranar kasuwa.

Kakanki, Barau mai rijiya.

Birnin Kudu, 14 ga Disamba

Angona Baba Barau,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Ikrima yana gaishe ka, ya ce a yi maka sannu da gwiwa. A gaishe da Malam Badamasi, Allah ya saka masa da alheri.

Na ji mutuwar Ɗorawa har raina, don ni ma duk na tuna ta sai in ga Inna A'i tana bin ta da ido. Ba laifinka ba ne, Baba, mai rai ai sai ya tafi.

Gaskiya babu abokin da ya fi wa Lalle dacewa kamar ɗan'uwanta ja, amma na ji sharaɗinka, ba zan tsallake ba. Sai dai ka sani abin zai ɗauki lokaci. Lalle kifin ruwan sanyi ce, shi ya sa tun farko na ce a ajiye ta a ɗakin ƙasa na Inna, ba ƙarƙashin kwano ba. Yawancin ƙananan kifaye masu kyalli da ake sayarwa a Kano kuwa na ruwan ɗumi ne, har hita ake sa musu. In aka haɗa su dole ɗaya ya cutu. Kuma kada kyanta ya ruɗe ka, duk abin da ya shiga bakinta haɗiyewa take, ba don mugunta ba, haka aka halicce ta. Ga ta da doguwar wutsiya da nawar tafiya, mai saurin baki zai maishe ta tsumma.

An tura ni kwas Kano na wata uku, ranar Litinin zan tafi. A can zan bi shagunan masu kifin ado in duba a tsanake. Kafin nan, don Allah kada ka sa mata kowa.

Kai fa, ango, wa ke zama da kai? Ikrima ya ce ɗakin zaure yana nan a share, duk ranar da ka ga dama.

Jikarka, Juwairiyya.

Fagam, tsakiyar sanyi

Juwairiyya,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, sai tari kaɗan da ya bi gari. Badamasi ma yana nan, ya naɗe kai da rawani kamar mai shirin hawa raƙumi.

Na ji karatun takardarki sau biyu, don sai da ya ɗora baki a kunnena. Kin tambayi wa ke zama da ni. Ni ba kifi ba ne. Ki gode wa Ikrima, amma wanda ya haƙa rijiyar unguwa ba ya zuwa wani gari ya sha ruwan leda. Badamasi ma ya kawo irin wannan magana. Tun da matarsa ta rasu 'ya'yansa suka watse Dutse da Abuja, shi ma shi kaɗai yake gwagwarmaya da tukunya. Wai ya riƙa kawo kwanonsa nan mu ci tare, in ya so ya shimfiɗa tabarma a zaure. Na ce masa na yi shekara hamsin da uku da mace mai shiru, ba zan ƙare da tsohon malamin firamare ba.

Yanzu ga laifina, gara ki ji daga bakina. Kin ce kada in sa mata kowa. Na jira Juma'a huɗu. Lalle ta rage ci, ni kuma zama na kallonta ya ishe ni. Sai na aiki Ɗanladi. Ya zo da guda biyar a leda, ƙanana kamar ƙwayar kabewa, da zane shuɗi a gefe mai walƙiya. Ya ce mai shagon ya nace sai an haɗa da hita. Na ce ruwan da Allah ya sanyaya ni ba zan dafa shi ba.

Da na zuba su, ɗakin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na zauna har azahar ina kallo, na ce da A'i na nan da ta rasa wanda za ta fara ba suna. Washegari uku sun dunƙule a ƙasa ba sa motsi, jibi suka mutu. Sanyin bana kin san shi, randa da safe sai ka ce ƙanƙara. Biyun da suka rage na ƙirga su da la'asar, da safe babu ko ɗaya, babu gawa kuma. Lalle na ta yawo da ciki.

Badamasi ya ce duk abin da kika faɗa ne ya faru, ɗaya bayan ɗaya, kamar kina nan. Na ce ya rubuta abin da aka ce masa.

Ina jiran ki.

Barau.

Fagam, farkon bazara, shekara ashirin cif da kama rana, wato husufi

Juwairiyya,

Ina gaisuwa. Ban sani ba ko kina lafiya, tunda Juma'a bakwai ke nan babu amsa. Duk ranar kasuwa nakan fita bakin hanya, Ɗanladi ya ɗaga mini hannu wayam. Makon jiya ma ba shi ba motarsa. In fushi kike kan 'yan kifayen nan, ki faɗa, na fi gane faɗa da shiru.

Zafi ya sauko. Ma'aunin da kika liƙa a jikin gilashi ya fara hawa wajen jan layi, sai na yi mata abin da ake yi wa tulu. Na jiƙa buhun algarara na naɗe gefe uku, ina yayyafa masa ruwa bayan kowace salla, ƙofa a rufe da rana. Ya sauka. Wannan dai ba a koya mini ba.

Amma akwai wanda na yi da ba daidai ba. Na zauna na yi tunani a kan maganarki, cewa abokin Lalle sai ɗan ruwan sanyi. To ni a duniya ban san ruwan da ya fi na ƙasan rijiya sanyi ba, kuma ban san mai zama a cikinsa ba sai tarwaɗa. Ubangidana da ya koya mini haƙa ba ya miƙa rijiya ga masu ita sai ya jefa 'yar tarwaɗa a ciki, ta cinye tsutsa da ƙwari, ruwa ya zauna garau. Ni ma duk arba'in da ɗayan nan haka na yi. Ta rijiyar masallacin Sara, mai zurfin gaba goma sha huɗu, ta yi shekara goma sha ɗaya a ciki. Duk sanda na sauka yasar rijiyar sai ta zo ta goga mini kai a ƙafa. Ban taɓa jin ta cuci kowa ba. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne ita kaɗai ce a ciki.

Na sa masunta suka kawo mini ƙarama, ba ta wuce ɗan yatsana ba. Kwana uku lafiya lau, tana kwance a ƙasa, Lalle na sama. Har na ce wa Badamasi ya shirya alƙalami, zan ba 'yan boko labari. Safiya ta huɗu na tarar da wutsiyar Lalle a yage gida uku, gefenta da jan ciwo, ta maƙale bayan injin kumfa tana haki.

Na kwashe tarwaɗar da ludayi. Ban kashe ta ba, halinta ta yi. Na jefa ta rijiyar gidan nan inda ya kamata tun farko.

Na sake wa Lalle ruwa. Tana numfashi, ba ta ci. Yau kwana biyu ban shiga ɗakin da idona a sama ba, sai in ga kamar gadon A'i yana kallona. Ki gaya mini abin da ake yi wa ciwon kifi.

Barau.

Birnin Kudu, 2 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina neman gafara. Lafiyata ƙalau, kuma wallahi ba fushi ba ne. Takardunka biyu a aljihun motar Ɗanladi suka kwana, ta farko ya manta, ta biyu motar ta lalace a hanya. Jiya na dawo daga Kano, yau ya kawo su tare. Na karanta a tsaye, ban ko cire takalmi ba.

Ka riƙa sake mata rabin jarka kullum har ciwon ya rufe. Ka narka gishirin girki cokali ɗaya na shayi a kowane rabin jarka, kwana biyar kawai, sannan ka daina. Kada ka sa toka ko kanwa ko sassaƙe, na san ka. Wutsiya tana tsirowa in ruwa na da tsabta. Dabarar buhun nan kuwa ta burge ni, har na gaya wa mai shagon kifi a waya ya ce zai gwada.

Akwai wata shawara. Wata likita a wurin aikinmu, Dakta Ummussalma, tana da babban akwati mai jajayen kifaye shida, a ɗaki mai sanyi dare da rana. Na ba ta labari ta ce za ta karɓi Lalle da murna. Can za ta samu 'yan'uwanta, kai kuma ka huta da ɗaukar jarka da wannan gwiwar. In ka yarda sai in zo ranar Asabar da bokiti mai murfi.

Juwairiyya.

Fagam

Juwairiyya,

Lafiya lau.

Na ji. Na kashe biyar, na sa an yaga ɗaya, don haka za a zo da bokiti. Ki faɗa kai tsaye, ba sai kin laɓe bayan gwiwata ba. Gwiwar nan ta sauka rami gaba ashirin kafin a haifi uwarki.

Likitar nan ta san sunanta? In ta shiga cikin shida, wa zai nuna ta ya ce wannan ce Lalle? A'i ba ta ce a kai su inda ya fi sanyi ba. Ta ce kada in bar su.

Akwatin naki ne, sola taki ce, injin naki ne. Ki zo ki kwashe. Kifin zan sa shi a kwatarniya.

Barau.

Ƙari daga Badamasi: 'Yata, na rubuta yadda ya faɗa don amana ce. Amma gishirin yana sawa daidai yadda kika ce, da cokali, yana ƙirgawa da ƙarfi. Kifin ya fara ci. Shi ne dai bai fara ba sosai. Kada ki zo da bokiti.

Birnin Kudu, 20 ga Afrilu

Angona mai fushi,

Ina gaisuwa, ina sake neman gafara. Mu duka lafiya. Na karanta takardata a zuci na ga inda na yi kuskure. Na yi maganar abin da zai fi wa kifi, na manta wanda aka bar wa amana. Ba a taɓa ba da kyauta a dawo a kwashe ba, akwatin na Inna A'i ne, yanzu naka ne. Lalle ba ta zuwa ko'ina. Zancen bokiti ya mutu.

Ga abin da na samo. Tun ina Kano na ga shi, na sa mai shagon ya ajiye mini har in tabbatar da lafiyarsa. Ɗanladi zai miƙa maka shi a jarka, na ce kada ya sa shi kusa da inji. Sunansa dojo a bakin masu sayarwa. Asalinsa daga ƙasashen da ake sanyi sosai ne, ruwan Lalle shi ne ruwansa. Ya fi ƙarfin bakinta, shi kuma bakinsa a ƙasa yake, ƙarami, na tonon yashi. Ita sama, shi ƙasa, abin da ta zubar shi yake tsincewa. Na tsaya a shagon kusan awa ɗaya ina kallon su cikin jajayen kifaye, ban ga wanda ya taɓa wani ba.

Zan faɗa maka tun yanzu don kada ka ce na ɓoye: yana da gashin baki.

Kada ka haɗa su nan take. Ka ware shi mako biyu a wani mazubi, da yashi wankakke a ƙasa, ka rufe sama don yana tsalle. In ya kai mako biyu ba ɗigon fari a jikinsa, yana ci, to sai a yi. Mai shagon ya ce wai yana jin hadari kafin ya haɗu, ya yi ta sama da ƙasa. Wannan ban gani da idona ba.

In ka ga bai kwanta maka ba, ka dawo da shi, ba zan ce komai ba.

Amaryarka, Juwairiyya.

Fagam, kwana shida da zuwan baƙo

Juwairiyya,

Na amsa gaisuwa. Ina lafiya, ina cin abinci, duk wanda ya ce miki ba na ci ya ji da kansa. Zancen bokiti tunda ya mutu, Allah ya jiƙansa.

Saƙo ya iso. Na leƙa jarka na ce wa Ɗanladi ya tsaya, kada ya tayar da mota. Wannan ai tarwaɗa ce da ta yi karatun boko. Dogo, santsi, gashin baki har guda nawa. Kin canza mata riga ne kawai. Ɗanladi ya ce shi ba a ba shi kuɗin komawa da kifi ba, fasinja na jiran sa, ya tafi ya bar ni da jarka a hannu.

Ba don na yarda ba, don dai ba a barin baƙo a rana, na wanke kwatarniyar A'i ta rini, na zuba yashin kogi, na rufe da faifai na ɗora dutse. Yana gefen ɗakin, nesa da gilashi.

Mako biyun da kika ce, ba a Kano aka fara shi ba. A'i 'yar Fulanin Sundimina ce. In ta sayo akuya ba ta taɓa sakinta cikin garke, sai ta ɗaure ta a gindin lemun tsami kwana goma sha huɗu, tana duba hancinta da kashinta da yadda take kallon sauran. Nakan ce mata wahala ce. Takan ce, “Ciwo kwana bakwai yake ɓuya, hali goma sha huɗu.” Shekarar da ciwon huhu ya share awakin unguwa, namu ko ɗaya bai faɗi ba.

Don haka ina duba shi. Ba ɗigon fari. Yini yake a binne cikin yashi, kai kawai a waje, kamar mai gadin kasuwa. Na yi masa gwaji irin nawa. Na sa ɗan yatsa a ruwa, don tarwaɗa ko ƙarama ce sai ta kai cafka. Wannan ya zo ya shinshina, ya yi mini cakulkuli da gashin baki, ya hau tafin hannuna ya kwanta. Badamasi ya ce shi ke nan an gama. Na ce tarwaɗar ma kwana uku ta yi tana sallama.

Wutsiyar Lalle ta fara tsiro, fari-fari a bakin yagar, siriri kamar bawon albasa. In na sake kuskure a kanta, ba na jin za ta tashi. Ki bar ni in yi a hankali. In kwana goma sha huɗu suka cika raina bai kwanta ba, zai hau motar Ɗanladi.

Barau.

Fagam, ranar ruwan farko

Amaryata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma ina fata ruwan nan ya kai muku. Mu nan ƙasa ta sha, ƙamshinta har cikin ɗaki. Ni lafiya, Lalle lafiya, tana cin abincinta har tana neman ƙari.

Yau kwana goma sha uku. Bari in ba ki labari yadda ya faru.

Kin san shekara da shekaru a unguwar nan ni ake tambaya ranar ruwa. Mai haƙa dole ya sani, don in hadari ya same ka a ƙasan rami, to sai dai addu'a. Ina duba tururuwa, ina duba gwiwata, ina leƙa rijiya in ji warin da take fitarwa. Yau da safe na duba duka, na ce wa masu tambaya saura kwana biyar, kada kowa ya taɓa iri. Sama fes, rana kamar ta fasa dutse.

Da hantsi na ji faifai yana motsi. Na ɗaga, sai ga baƙon nan da ke yini a binne yana sama yana ƙasa, yana zagaye kwatarniya kamar an sa masa barkono. Na ce to, ga halin ya fito, kwana goma sha uku ya iya ɓoyewa. Har na ɗauko jarkar Ɗanladi na ɗauraye. Badamasi ya shigo, ya zaro takardarki daga aljihu, ya ɗora baki a kunnena ya karanta wurin da kika ce yana jin hadari. Na ce ni da na yi shekara sittin ina kallon sama daga cikin rami, kifin da aka kawo a jarka ne zai gaya mini? Ya ce to mu zuba ido, in an yi ruwa yau zan ba shi goro, in ba a yi ba shi zai ɗebo mini jarka har Juma'a huɗu.

Muka zauna a ƙofar ɗaki. Azahar ta wuce ba komai, ina ta yi masa dariya. Muna idar da la'asar iska ta juyo daga gabas. Kafin mu kwashe shanya gari ya yi duhu, aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Badamasi bai samu tsallakawa gidansa ba, nan ya maƙale. Na ɗumama tuwon jiya, muka ci a kwano ɗaya a ɗakin A'i, ruwa na dukan ƙofa, Lalle na yawo, baƙo ya koma cikin yashinsa ya yi lamo kamar ba shi ya tayar da hankalin gida ba. Tun rasuwar A'i ban ci abinci da hannun mutum biyu a kwano ba sai yau. Ya yi ta surutu, ina ganin bakinsa na motsi. Rabin abin da ya faɗa ban ji ba, kuma ban ga ya damu ba.

Na ba shi goronsa.

Ban ce na daina tsoro ba. Sanin hadari daban, kyan hali daban. Amma na yi masa kwanakin A'i, na duba abin da takan duba, ban kama shi da komai ba, sai ma shi da ya kama ni. Suna kuwa ba zan raɗa masa ba, ba aikina ba ne. Baƙo muke ce masa, ya zauna a haka.

Yanzu Badamasi ya ɗago kai yana tambaya ko an gama. Ba a gama ba, rubuta. Ɗakinsa na kwano ne, yana yoyo ta kusurwa biyu, na sani don ni na gaya wa magininsa tun shekarar kama rana cewa aikin banza yake yi. Zauren gidan nan na ƙasa ne, ba ya ɗiga. Shi mai surutu ne, ni kurma ne, ban ga wanda zai yagi wani ba. Kwana goma sha huɗu zan ba shi, in hali ya fito ya koma. Ya tsaya da rubutu yana kallona. Rubuta mana, malam, tawada ce ta ƙare?

Gobe in Allah ya kai mu, in na dawo daga masallaci, zan share zaure in fitar da buhunan da ke ciki. Sannan in ɗebi ruwan Lalle kofi-kofi in riƙa zuba wa Baƙo har jikinsa ya saba. In rana ta ɗaga yadda zan ga komai sarai, zan ɗauke shi a tafin hannuna in sa shi a akwatin. Zan jawo kujerar A'i in zauna a gaban gilashi da ludayi a hannu, ba zan tashi ba sai azahar.

Kakanki, Barau mai rijiya.